Laimar Damina da Macijin Akwati: Haƙƙin da Ke Wuyan Mai Ajiye Shi

Duk manomin da ke tsakanin Bakori, Funtuwa da Malumfashi ya san abin da marka ke yi wa hatsi. Masarar da aka ɗura a buhu ba ta gama bushewa ba, kafin a ankara ta yi fumfuna. Shi ya sa malaman gona ke cewa kada ruwan da ke cikin ƙwaya ya wuce kashi 13 cikin 100 kafin a adana ta. To akwai wani mai rai da wannan laima ke ci a ɓoye, ba mai jin kukansa: macijin da gardawa da masu maganin gargajiya ke ajiyewa a akwati, ko kwando, ko bokitin roba, suna fito da shi ranar kasuwa.

Wannan yanki ba baƙo ba ne a ilimin macizai. A shekarun 1970, masu bincike irin su Pugh da Theakston sun yi nazarin saran maciji a ƙasar Malumfashi, musamman karon da mutane ke yi da kumurci mai tsartuwar dafi a ido. A lokacin ne kuma David Warrell yake aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kan dafin kububuwa da kasa. A yau Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano na cikin waɗanda duniya ke saurara a wannan fanni, kuma a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. An yi magana sosai kan abin da maciji ke yi wa mutum. Abin da mutum ke yi wa macijin da ya tsare, shi ne ba a cika tankawa ba.

A dawa, maciji shi ke zaɓar wa kansa makwanci. In ƙasa ta jiƙe, ya hau tudu ko ya shige suri. In sanyi ya kama shi, ya fito hantsi, domin jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa. Da zarar an rufe shi a akwati, an karɓe wannan zaɓi gaba ɗaya. A watan Agusta laimar iska a kudancin Katsina kan haura kashi 70 cikin 100, alhali a tsakiyar hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Akwatin da ya wadatar a Janairu, a marka yakan zama matattarar cuta, balle in na roba ne mai murfi, wanda gumi ke tsattsafowa a jikinsa yana gangarowa ƙasa.

Cuta ta farko daga ciki take farawa, inda fata ke gogar ƙasa. Idan maciji ya kwana ya wuni a kan jiƙaƙƙen tsumma da ya haɗu da kashinsa, sai fatar cikinsa ta yi ja ko ruwan ƙasa, ta yi bororo, daga nan ta fara ruɓewa. In ƙwayoyin cutar suka shiga jini, mutuwa ce. Ta biyu ta numfashi ce, kuma ta fi saurin kisa. Yawancin macizai da huhu ɗaya suke dogara, ba su kuma iya tari, don haka majinar da ta taru ba ta da hanyar fita. Alamunta bayyane suke: buɗe baki ana shaƙar iska, kumfa a baki ko hanci, ƙarar numfashi, ɗaga kai sama, da ƙin cin abinci. Ta uku ita ce ruɓar baki, wadda ta fi samun macijin da aka cire wa haƙoran dafi. Raunin ba ya warkewa a cikin ƙazanta da danshi, kuma haƙoran sukan sake tsirowa, don haka an cuci dabbar, mai ita ma bai tsira ba.

Sai dai a fahimci wani abu: ba a neman akwati ya bushe ƙayau. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wadda ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin zuwa Amurka da Turai don kiwo a gida, masu kiwonta kan riƙe laima tsakanin kashi 50 zuwa 60, su ɗaga ta kusan 70 idan za ta yi saɓa. Kasa da kububuwa, 'yan busasshiyar ƙasa, sun fi son ƙasa da haka. Abin da ke kisa shi ne jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da iskar da ba ta motsi. Macijin da ke samun laima daidai yakan tuɓe saɓarsa guda, tun daga kai har wutsiya. Wanda hunturu ya busar kuwa, saɓar kan maƙale masa gutsi-gutsi, har a kan ido.

Gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa. A huda ƙananan ramuka a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, wasu ƙasa-ƙasa wasu sama, a rufe su da ragar waya mai ƙarfi, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A ɗora akwatin a kan benci ko bulo, nesa da bangon da ke tsotsar ruwa da rufin da ke yoyo. A shimfiɗa tsohuwar jarida ko busasshiyar takarda, a canza ta da zarar ta ɓaci. Ƙaiƙayi da buntu da tsumma duk suna riƙe ruwa. Mazubin ruwan sha ya zama ƙarami mai nauyi wanda ba zai kife ba, a ajiye shi can gefen da ya fi sanyi, tunda zafi ke tayar da tururi. A bar wani gefe da ɗumi, kusan digiri 30, amma kada a ajiye akwati cikin rana tsaka ko kusa da gawayi. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir ya fi kintace. Kada a cusa macizai da yawa wuri guda. Mai dafi kuwa, ba a sa hannu a share masa wuri yana ciki. Sai an kwashe shi da sanda mai ƙugiya zuwa wani mazubi mai murfi, yara kuma suna nesa.

Idan cuta ta bayyana, shafa man juye ko toka ba ya magani. A mayar da dabbar kan busasshiyar takarda, a nemi likitan dabbobi. Asibitin koyarwa na likitancin dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello ba shi da nisa da Funtuwa.

Mu Musulmi mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ya tsare mai rai ya ɗauki nauyinsa, ko da abin tsoro ne, balle wanda da shi yake neman abinci. Ga kuma dokar ƙasa ta 1985 da ta taƙaita kamu da cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa. Maciji a gona yana rage ɓerayen da ke cinye amfani, kuma can ne muhallinsa. Wanda ba zai iya ba shi busasshen makwanci da iska mai kyau a damina ba, ya bar shi a dawa tun farko. Wanda ya riga ya ajiye, ya duba cikin dabbarsa da shimfiɗarta tun kafin ruwan bana ya kankama.