Yadda masana suka auna tasirin wayar salula a kan farashin hatsi

Duk wanda ya taɓa sauraron farashin cimaka da muke karantawa a gidan rediyo ya san tiyar hatsi ba ta da kuɗi ɗaya a Maraɗi da Damagaram da Tawa. A da, ɗan kasuwa sai ya shiga mota, ya ɓata yini, kafin ya san nawa buhu yake a wata kasuwa. Daga shekarar 2001 wayar salula ta fara shiga Nijar. Shin ta canza farashi?

Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin wannan tambaya, ta fitar da sakamakon a 2010. Ta yi amfani da alkalumman SIMA, ma'aikatar da ke tattara farashin kasuwannin ƙasa, ta kuma yi hira da 'yan kasuwar hatsi.

Wahalar ita ce, farashi na motsawa saboda dalilai barkatai: damina, fara, kuɗin mai, lalacewar hanya. A cikin waɗannan shekarun ne ma aka sha matsalar abinci ta 2005. To yaya za a ware rabon waya daga ciki?

Abin da ya taimake ta shi ne rezo bai iso ko'ina a rana ɗaya ba. Tsakanin 2001 da 2006 wasu kasuwanni sun samu, wasu suna jira. Sai ta riƙa ɗaukar kasuwanni bibbiyu tana duba ratar farashinsu kafin zuwan waya da bayansa, sannan ta gwada da na kasuwannin da rezo bai kai musu ba a daidai wannan lokaci. Abin da ya shafi kowa, kamar tsadar mai, ya faɗo a ɓangarorin biyu, sai ya fita daga lissafi. Abin da ya rage shi ne aikin waya.

Ratar ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna.

A kula, ba cewa aka yi hatsi ya yi arha ko'ina ba. Kusantar juna farashin ya yi. Dillali ya ji inda kaya ke tsada, ya tura mota can. Manomin da ya sayar da hatsinsa tun da kaka don biyan bashi kuwa, nasa lissafin daban ne.