Ɓeran Masar da Sunan da Ya Cuce Shi

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, yaro kan fara koyon kiwo da ɗaya cikin abu uku: tantabara, zomo ko ɓeran masar. Na ukun ya fi saurin shiga ran yara, domin ba ya tashi, ba safai yake cizo ba, ga shi dunƙulalle mai launi biyu ko uku, ga kukansa kamar ana busa usur. Sai a sayo shi a kasuwa, a nemo kwali ko tsohon akurki, a zuba masa dusa da ragowar tuwo. Bayan wata ɗaya ko biyu a wayi gari a tarar da shi a sanƙare, yaro ya yi kuka, manya su ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam yana ƙarewa. Amma dabbar da ke iya kai shekara 5 zuwa 7 in ta samu kulawa, in ta mutu a wata biyu akwai abin tambaya.

Ni a ganina sunan ne ya fara cutarsa. Hausawa sun ce suna linzami, kuma duk wanda ya ji an ce ɓera, tunaninsa zai tafi ga wannan ɓarawon rumbu da ke cin komai, daga daddawa har sabulu, yana jure zafi da ƙazanta. Masana halittu sun sa su biyun cikin babban dangi ɗaya na masu gaigayar abu da haƙoran gaba, amma dangantakar ta nesa ce. Ɓeran masar ba shi da wutsiya, ba ya hawa bango, kuma cikinsa cikin mai cin ciyawa ne, ya fi kusa da na doki ko zomo. Masar ɗin ma ba ƙasarsa ba ce. Asalinsa tsaunukan Andis ne a Amurka ta Kudu, yankin da ya zama ƙasashen Feru da Bolibiya da Ekwado, inda mutane suka mai da shi dabbar gida dubban shekaru da suka wuce, kuma har yau suna kiwonsa don nama. 'Yan kasuwar teku ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Haka muka yi wa masara, wadda ita ma 'yar nahiyar Amurka ce, muka liƙa mata sunan Masar. Turawan Ingila ba su fi mu ba, su da suka kira shi aladen Gini, alhali shi ba alade ba, kuma bai san hanyar Gini ba.

Wanda ya riƙe wannan asali a ransa, wato ɗan tsauni ne mai sanyi, mai cin ciyawa, mai zama cikin 'yan uwa, ya riga ya san rabin kiwon.

A fara da baki. Haƙoransa 20 ne, kuma dukkansu, na gaba da turame, ba sa daina tsiro har ya mutu. Abin da ke rage musu tsawo shi ne tauna ciyawa mai kauri dare da rana. In aka ciyar da shi abinci mai laushi zalla, turamen ƙasa sukan yi tsawo su karkata ciki, har su haɗu a saman harshe su danne shi. Sai a ga dabba tana zuwa wurin abinci da marmari, ta ɗauka ta saki, yawu yana jiƙa mata haɓa, tana ramewa ga abinci a gabanta. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kusan kashi 80 cikin 100 na cimarsa ya zama ciyawa, musamman busasshiya, kuma kada ta taɓa yankewa a ɗakinsa. A wurinmu wannan ba abin wahala ba ne. Akwai kiri-kiri da harkiya da ƙyasuwa tun tana ɗanya, akwai ingirici da rani. Sharaɗin kawai kada a yanko daga gonar da aka yi wa feshi ko bakin kwata, kuma kada a ba shi wadda ta yi fumfuna. Harawa kuwa, ta wake ko ta gyaɗa, ta dace da ƙanana masu girma da mace mai ciki ko mai shayarwa. Ga babba a rage ta, domin ganyen dangin wake yana da yawan sinadarin kalsiyam, shi kuwa ɓeran masar ta fitsari yake zubar da rarar, har ta kan dunƙule ta zama tsakuwa a mafitsara. Alayyafo da zogale ma a yi musu wannan lissafin: ɗan kaɗan, ba kullum ba.

In an gan shi ya sunkuya yana cin wani kashi mai laushi kai tsaye daga jikinsa, kada a tsawata masa. Abinci ne ke bin hanji karo na biyu don a tatse sauran amfanin da ya rage, kamar yadda saniya ke tuƙa, sai dai shi tasa hanyar daban ce.

Wani babban al'amari da ke kashe su a hannun yara shi ne rashin bitamin C. Akuya da kare da kyanwa, har ɓeran gida, jikinsu na ƙera wannan sinadari da kansa. Mutum da mafi yawan birai da ɓeran masar ba sa iyawa, sai sun ci. Wannan rauni nasa ya yi wa ɗan Adam rana. A shekarar 1907 wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Nowe, Axel Holst da Theodor Frølich, suna binciken wata cuta da ke kama ma'aikatan jiragen ruwa, sai suka ciyar da ɓerayen masar hatsi da burodi zalla. Dabbobin suka kamu da sikabi, cutar da ke sa dasashi zubar da jini, gaɓoɓi su kumbura, wadda ta hallaka matuƙa jirgin ruwa masu ɗimbin yawa a ƙarnonin baya. Da suka ƙara musu ɗanyen kabeji ko ruwan lemon tsami, sai cutar ta ƙi kama su. Daga nan aka samu dabbar gwaji, har aka kai ga tantance sinadarin kansa a 1932. To duba abin da waɗannan likitoci suka ba dabbobinsu da gangan don su sa musu ciwo: hatsi zalla. Shi ne fa abin da yaronmu ke yi da dusa da tsaki, da kyakkyawar niyya.

Cikin mako biyu zuwa uku alamu kan bayyana. Gashi ya yi buzu-buzu, tafiya ta koma tsalle kamar ta zomo saboda ciwon gaɓoɓi, ya riƙa ƙara in an taɓa shi, ciwo ya ƙi warkewa. Buƙatarsa kuwa ba ta taka kara ta karya ba: miligiram 10 zuwa 30 a rana ga babba, mai ciki da marar lafiya su fi haka. Jan tattasai mai zaƙi, irin wanda ba shi da yaji, yana da fiye da miligiram 100 a kowane giram 100, gwaba kuma ta fi shi. Yanki ɗaya a rana ya wadatar, a haɗa da ɗan kabeji ko latas ko kokwamba. Karas da kayan marmari masu zaƙi a bar su a matsayin tsaraba. Masu ɗiga bitamin a ruwan sha suna ɓata kuɗinsu, domin haske da zafi na kashe shi da wuri, ɗanɗanonsa kuma kan sa dabbar ta ƙaurace wa ruwan. Abincin buhu na kanti ma, bitamin ɗinsa kan yi rauni bayan kamar wata uku da haɗawa, balle wanda ya sha zafin shago. Albasa da tafarnuwa da fiya da ganyen dankalin turawa da na tumatir, duk a nisanta su da shi. Ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Sai zafi, wanda shi ne jarabawar mai kiwonsa a ƙasarmu. Ya fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar an doshi 28 ya fara shiga haɗari, tunda ba ya gumi. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, watan Afrilu kan haura 40. Kejin da aka rufa da kwano aka ajiye a tsakar gida tanda ne. A nema masa ɗaki mafi sanyi a gidan, irin ɗakin ƙasa ko gefen randa, a rataya jiƙaƙƙen buhu ta inda iska ke shigowa, in akwai ƙanƙara a naɗe gorar a tsumma a ajiye ya jingina. Ruwan sha kada ya yanke. In an same shi kwance shame-shame yana haki, a shafa masa ruwa mai ɗan sanyi a kunnuwa da ƙafafu, ba ruwan ƙanƙara ba, a nemi likita. Hunturu bai kai bazara tsanani gare shi ba, amma ƙurarsa da iskar asuba kan jawo ciwon huhu. A nan ne zan saɓa wa al'adar da ta zama ruwan dare, ta haɗa shi ɗaki ɗaya da zomo. Zomo kan ɗauki wata ƙwayar cutar numfashi yana yawonsa lafiya lau, ita kuwa in ta shiga huhun ɓeran masar tana iya kashe shi. Ga shuri, ga bambancin abinci.

Abokin zamansa ɗan uwansa ne. Shi kaɗai yakan takure a lungu, ya rage ci. A Siwizalan, tun 2008 dokar kare dabbobi ta hana a ajiye guda ɗaya tilo, abin da zai ba mai karatu dariya har sai ya ga yadda biyu ke bin juna suna gunaguni, suna daka tsalle ba gaira ba dalili. Biyu na buƙatar fili aƙalla santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, da wurin ɓuya ga kowanne. Daɓen ya zama shafaffe da shimfiɗar busasshiyar ciyawa, ba ragar waya ba, domin tafin ƙafarsa ba gashi, waya na sa shi kumburi da gyambo mai wuyar magani. A kwashe jiƙaƙƙen wuri kullum. Bango ba sai ya yi tsawo ba, amma murfi dole ne saboda kyanwa da gafiya da shaho.

Duk dabbar da ake farauta a daji ta iya ɓoye ciwo, don wadda ta nuna rauni ita ake fara ɗauka. Kafin mai shi ya lura, sau da yawa abu ya yi nisa. Maganin wannan sikeli ne, irin ƙaramin na masu sayar da kayan ƙwalama: a auna shi duk mako, a rubuta. Namiji babba kan kai giram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900. Nauyin da ke ta sauka mako bayan mako ciwo ne, ko da ido bai gani ba. Wanda ya yini bai ci ba, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke, ba a jira da shi gobe, domin hanjinsa in ya tsaya tayar da shi aiki ne. Susa mai tsanani da zubar gashi galibi ƙananan ƙwari ne da ke shiga fata, kuma likita na da maganinsu. Tabo mai zagaye da ɓawo a fuska ko kunne kuwa sau da yawa makero ne, yana kama yara, don haka a wanke hannu bayan an taɓa shi.

Inda aka fi yin garin neman gira a rasa ido shi ne wurin magani. Mun saba in kaza ta yi sanyi a fasa kafso a zuba mata a ruwa. Ga ɓeran masar wannan hukuncin kisa ne. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, haka eritiromaisin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narka masa ciyawa a hanji, sai miyagun su samu fili su zuba guba. Cikin 'yan kwanaki gudawa ta kama shi, ya tafi. Wannan kuskuren da hannuna na yi shi ina yaro, da ragowar maganin tarin ƙanena. Akwai magungunan da jikinsa ke ɗauka, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa ya auna, kuma ba laifi ba ne mai dabba ya tuna masa cewa wannan ba zomo ba ne.

Wanda ya haɗa namiji da mace ya shirya wa lissafi. Ciki kwana 59 zuwa 72 ne, tsawon da ya sa 'ya'yan, galibi biyu zuwa huɗu, ke faɗowa da gashinsu da haƙoransu, ido buɗe, su fara tsinkar ciyawa a kwanakin farko. Uwar na iya ɗaukar wani cikin 'yan sa'o'i bayan haihuwa, don haka a fitar da namijin tun kafin ranar. 'Yar mace kan balaga tun tana wata ɗaya da 'yan kwanaki, saboda haka ake ware 'ya'ya maza a mako na uku. Macen da ta wuce wata 6 zuwa 7 ba ta taɓa haihuwa ba, mahaɗin ƙashin ƙugunta kan yi tauri ya ƙi buɗewa yadda ya kamata, sai haihuwar fari ta zo da gardama, wani lokaci a rasa uwa da 'ya'ya in ba a yi mata aiki ba. Ga yaron da wasa kawai yake so, mata biyu sun fi sauƙi. A nuna masa yadda ake ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, kuma ya zauna a ƙasa tukuna, don faɗuwa daga tsayin ƙirjin yaro ta isa ta karya wa dabbar baya.