Abala: Yadda rashin tsaro ya sauya tarbiyyar da iyaye mata ke ba yara a gida

A garin Abala da ke arewa da Filinge, a jihar Tillaberi ta Jamhuriyar Nijar, da zarar an gama girbin hatsi magidanta da dama kan kama hanyar ci-rani zuwa Yamai, Kwatano, Abijan ko Legas. Gida sai ya koma hannun uwa. Ita ce mai girki, ita ce mai tarbiyya, a 'yan shekarun nan kuma sau da yawa ita ce malama.

Koya wa yaro tsayawa da ƙafafunsa ba sabon abu ba ne a ƙasar Kurfai. Abin kan fara tun daga yaye, wajen shekara biyu, lokacin da ake kai yaro ɗakin kakarsa ya saba da kwana ba uwa. Daga nan sai ƙananan ayyuka: ɗan shekara huɗu ya wanke ƙwaryarsa, ya kai wa akuya dusa. Ɗan shekara biyar a aike shi maƙwabta da saƙon baki, in ya dawo ya maimaita amsar da aka ba shi. Uwa ba ta cika yin dogon bayani ba. Tana tankaɗe, 'yarta na gefe da ƙaramin rariya tana kwaikwayo, ko da rabin garin zai zube ƙasa.

Sai dai babban darasin a da yana wajen gari ne: kiwo, ɗebo itace, zuwa rijiya. A can yaro ke koyon gane hanya da yanke shawara ba babba a kusa. Wannan fili ne ya ƙuntata. Tun watan Maris na 2017 Abala ke cikin yankunan da aka sa wa dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga a kusa da iyakar Mali, kuma a 2023 hukumomi sun ce makarantu sama da 900 ne ke rufe a jihar Tillaberi.

Don haka uwa na tsaka mai wuya. In ta tsare yaro a tsakar gida, zai tashi bai iya komai ba sai an nuna masa. In ta sake shi daji, ba ta da kwanciyar hankali har ya dawo. Da yawa sun koma aike na kusa, zuwa shago ko famfo, inda yaro zai ƙirga canji da kansa, sai kuma makarantar allo ta unguwa.

Tun 2012 garin ke karɓar 'yan gudun hijirar Mali, don haka yaran da ke wasa a layi ɗaya na tsintar Hausa, Zabarmanci, Buzanci da Fulatanci daga bakin juna.

Inda abin ke da gyara shi ne wajen 'ya'ya mata. Yarinya 'yar shekara bakwai da ke goyon ƙaninta tun safe, ta yi shara ta fita tallar fura, ana yaba mata da hankali. Amma wannan ya wuce koyo, ya zama ɗaukar nauyin uwa, kuma ko an sake buɗe makaranta ita ce ta ƙarshe da gida ke iya saki.