Training Day: Fim ɗin da ya nuna yadda ake koyar da rashawa da fatar baki

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga aji, wani ɗalibina ya tambaye ni ko akwai fim ɗin da zai nuna masa yadda ake sarrafa harshe a karkatar da zuciyar mutum. Na ce ya nemi Training Day, wanda David Ayer ya rubuta, Antoine Fuqua ya ba da umarni, aka fitar a shekarar 2001. Ya dube ni da mamaki, domin a tunaninsa fim ne na harbe-harbe kawai. Lallai akwai harbi da jini da ashar, kuma ba abin kallo ba ne a gaban yara. Amma ba nan darajarsa take ba.

Labarin na yini guda ne a birnin Los Anjeles na Amurka. Ethan Hawke ya fito a matsayin Jake Hoyt, matashin ɗan sanda mai burin shiga sashen yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Denzel Washington kuma shi ne Alonzo Harris, gogaggen jami'in da zai gwada shi. Abin da Jake bai sani ba shi ne, Alonzo ya kashe wani mutumin 'yan dabar Rasha a Las Vegas, an kuma yanka masa dala miliyan 1 ya biya kafin sha biyun dare ko a bakin ransa.

Mai karatu ya lura da yadda Alonzo ke aiki. Bai taɓa ce wa yaron nan “zo mu yi sata” ba. Sauya wa abubuwa suna yake yi. Motarsa ita ce ofis. Jama'ar gari tumaki ne, kuma a cewarsa ba mai iya kare su daga kyarkeci sai wanda ya zama kyarkeci. Da ya tilasta wa Jake shan tabar wiwin da aka cakuɗa da ƙwayar PCP, cewa ya yi horo ne, domin jami'in sirri da ya ƙi sha a gaban dila gawa ne. Kowace hujja tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take shiga. Sai can da yamma, bayan Alonzo ya harbe tsohon amininsa Roger ya kwashi rabonsa daga kuɗin da ke binne a ɗakin girkinsa, yaron ya gane cewa tabar safe tarko ce: idan ya buɗe baki, gwajin jini zai gama da shi. A fagen nazarin harshe mun sha faɗa wa ɗalibai cewa wanda ya samu ikon raɗa wa abu suna ya ci rabin muhawara. Ban ga inda aka nuna haka a aikace kamar nan ba.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba shi da harbi ko ɗaya. Manyan jami'ai uku ne zaune a wani gidan abinci na alfarma, suna raha, suna sayar wa Alonzo takardar izinin bincike a kan dala 40,000, kuɗin da ya sato ɗazu da takardar jabu. 'Yan mintoci ne, amma sun isa su nuna cewa ɓarnar ba ta tsaya kan mutum guda ba.

Kada a ɗauka zuƙi-ta-malle ce. A 1998 an kama Rafael Perez, jami'i a rundunar CRASH ta yankin Rampart, da laifin satar hodar iblis daga ɗakin ajiyar kayan shaida. Bayanan da ya yi sun sa an soke hukunce-hukunce sama da 100. Daga ciki akwai na Javier Ovando, wanda Perez da abokin aikinsa suka harba a 1996, suka nakasa shi, suka ɗora masa bindiga, kotu ta ɗaure shi shekara 23. An sake shi a 1999, daga baya aka biya shi diyyar dala miliyan 15. An rushe CRASH a 2000. Wanda ya ga abin da ya kai ga rushe SARS a Nijeriya a watan Oktoban 2020 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan runduna ta musamman da aka sakar wa mara.

Fim ɗin yana da rauninsa. Yadda Jake ya tsira daga hannun 'yan daba, saboda an tsinci jakar kuɗin yarinyar da ya ceta da rana a aljihunsa, kuma ta kasance 'yar'uwar shugabansu, sa'a ce da ta yi yawa. Haka nan wasu sun yi ƙorafi a 2002, da Washington ya zama baƙar fata na biyu da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi bayan Sidney Poitier, cewa sai da ya fito a mugu aka karrama shi. Ina fahimtar ƙorafin, amma ban yarda da shi ba. Ba don fara'arsa da zaƙin bakinsa ba, da mai kallo bai taɓa jin kansa yana gyaɗa wa ɓarawo kai ba, kuma wannan gyaɗa kan shi ne dukkan darasin.

Ɗalibin nawa ya dawo bayan mako guda yana cewa ai a ƙarshe gaskiya ta yi halinta, tunda Alonzo ya mutu. Na ce ya koma ya saurari minti na ƙarshe da kyau. Ba kotu ce ta hukunta shi ba, 'yan Rasha ne suka buɗe masa wuta a kan titi. Manyan nan uku ba a sake ganinsu ba. Sannan ga muryar mai karanta labarai tana sanar da jama'a cewa wani jami'i ya rasa ransa a bakin aiki, wajen aiwatar da umarnin kame mai haɗari, ya bar mata da 'ya'ya maza huɗu.