Tsofaffin fayafayan Amurka: hajar kasuwa da ta zama dukiyar tarihi

Masu iya magana sun ce in wani ya ƙi ka da wuni, wani zai so ka da kwana. Haka ta faru ga fayafayan garmaho na ƙasar Amurka, waɗanda aka buga domin ciniki kawai, amma yau su ne shaidar kaɗe-kaɗen wancan zamani.

Jama'a masu karatu, ƴan kasuwa ne suka kafa wannan harka. A 1920 kamfanin OKeh ya ɗauki muryar Mamie Smith cikin waƙar "Crazy Blues", cinikin da aka yi kuwa ya nuna cewa baƙaƙen fata ma masu saye ne. A 1925 kamfanin Victor ya fitar da waƙar kaboyi ta Carl T. Sprague, wadda ta buɗe kasuwar waƙoƙin makiyayan shanu. Shi kuwa Paramount, wanda ya ɗauki manyan mawaƙan blues, mallakar wani kamfanin kujeru ne na jihar Wisconsin da ke neman a sayi garmahonsa.

A Fort Worth ta jihar Texas, Bob Wills da Milton Brown sun yi tallar garin alkama a rediyo a 1931, kafin su shahara da kiɗan rawa na goge da gita da ake kira western swing. Manajan injin niƙan, W. Lee O'Daniel, har gwamnan Texas ya zama a 1939.

To amma abin da kasuwa ta haifa, ita ce ta nemi hallaka shi. Ana yin faifan da ƙaron da wasu ƙwari ke fitarwa a Indiya, ga shi da saurin fashewa, kowane gefe kuma bai wuce kamar minti 3 ba. Da ƙaron ya yi ƙaranci a yaƙin duniya na biyu, sai aka riƙa tara tsofaffin fayafai ana niƙewa domin a buga sababbi. Paramount ya daina ɗaukar waƙa a 1932, daga baya aka sayar da yawancin uwayen fayafayansa na ƙarfe a matsayin tarkace.

Robert Johnson ya rasu a 1938 yana da shekara 27, ya bar waƙoƙi 29 kacal. Da aka haɗa su aka sake fitarwa a 1990, an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Su kuwa mawaƙan da aka niƙe faifansu na ƙarshe, muryarsu ta tafi ke nan, babu kuɗin da zai dawo da ita.