Gyaran tukunyar tururi: Abin da ke wuyan mai kula da masu walda

Layin dogo ne ya raya garin Kafanchan da ke kudancin Jihar Kaduna. Tun daga 1927, lokacin da garin ya zama mahaɗar layin Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, jiragen ƙasa masu amfani da kwal ɗin Inugu ke yada zango a nan, a zuba musu ruwa, a duba tukwanensu. Daga baya jiragen dizal suka maye gurbinsu, amma tukunyar tururi, wadda ma'aikata ke kira boila, tana nan daram a masana'antun turara shinkafa da kuma matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980. Matashin da ya koyi walda a Kafanchan ko Kachia yana iya tsintar kansa a gabanta, kuma aikin ya sha bamban da haɗa ƙofa ko taga.

Dalili kuwa shi ne matsi. Ruwa kan tafasa a digiri 100, amma a cikin tukunyar da matsinta ya ninka na iskar waje sau 10, zafinsa kan kai kusan digiri 180 yana nan a ruwansa. Da zarar walda ta tsage, wani ɓangare na ruwan nan zai rikiɗe tururi nan take, girmansa ya ninka fiye da sau 1,000. Irin wannan fashewa ce ta hallaka mutum 58 a wata masana'antar takalma da ke Brockton a Amurka a 1905, abin da ya taimaka wajen samar da ƙa'idojin ASME da injiniyoyi a ƙasashe da dama ke bi har yau.

Saboda haka yawancin aikin mai kula da ma'aikata yana gabatar ƙyasta wutar walda ne. Shi zai tabbatar an kashe tukunyar, ta huce, an zubar da ruwanta. Rufe bawul kaɗai ba ya wadatarwa, domin bawul kan yi yoyo. Sai an sa masa kwaɗo, an kuma toshe bututun da faifan ƙarfe, musamman idan akwai wata tukunyar da ke aiki a layi ɗaya. Kafin kowa ya shiga ciki, a auna iskar, a kuma ajiye mutum a bakin ƙofar wanda ba shi da wani aiki sai lura da na ciki.

Sai batun haɗa hannu tsakanin masu haɗa bututu da masu walda, inda galibi matsala ke ɓuya. Mai haɗa bututu ne ke yankawa, ya fere bakin ƙarfen, ya daidaita tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Idan ya bar su a karkace, komai gwanintar mai walda, narkakken ƙarfen ba zai ratsa har ciki ba, ko da kuwa saman ya yi kyau. Shi ya sa gogaggen shugaban aiki ke duba haɗin da idonsa kafin a fara, ya sake duba zagayen farko na waldar kafin a rufe shi da na biyu. Yakan kuma sa ido kan sandunan walda, domin wasu nau'o'insu na shan danshi, sai walda ta fito da ƙananan ramuka ko ta tsage daga baya. A daminar kudancin Kaduna, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babban gwajin shugaban aiki, sau da yawa, shi ne mai masana'anta da ke ƙirga asarar kowace sa'a, yana matsa lamba a kunna wuta. Bai kamata a kunna ba sai an cika tukunyar da ruwa, an matsa shi har ya zarce matsin da take aiki da shi, yawanci ninki ɗaya da rabi. Ana amfani da ruwa ne saboda ba ya matsuwa kamar iska, don haka in akwai rauni, yoyo za a gani maimakon fashewa. Manyan haɗe-haɗe kuma akan ɗauki hotonsu da na'ura mai ganin cikin ƙarfe.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai tukunyar tururi ya kira sufeto mai izini ya bincike ta aƙalla sau ɗaya cikin wata 14, da kuma bayan duk wani babban gyara. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke sa ido kan bin wannan doka.