Zuciyar Rago Da Tamu

Duk wanda ya taɓa tsaga zuciyar ragon layya, ko ya tsaya wurin mahauta a kasuwar Djougou, ya ga irin tasa: ɗaki 4, biyu sama biyu ƙasa. Ɓangaren dama shi ke tura jini huhu ya ɗebo iska. Na hagu kuwa shi ke watsa shi ko'ina a jiki, shi ya sa namansa ya fi kauri. Likita Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana wannan bi ta huhu.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5, zuciyarsa na bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda. In hanyoyin jini suka ƙuntata ko suka yi tauri, tilas ta ƙara ƙarfi, har ta gaji. Hawan jini ke nan, kuma sau da yawa ba ya ciwo. Mutum na cikin cinikinsa sai ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a ce aljannu ne.

Jama'a, awo a asibiti ba ya cin lokaci. In ya yi ta kai 14 bisa 9, yadda likitocinmu ke faɗa, a nemi magani. Gishiri kuwa, har da na cikin magi, kada ya kai giram 5 a rana.